Wurare Ashirin da Uku a Na'urar Hamma

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in yarda in rubuta wannan abu. Littafin da nake rubutu a ciki ya fi shekara biyu a ƙarƙashin teburina na kasuwa, inda nake sayar da zare da allura da maɓallai. Domin wannan maganar na saye shi, amma duk sa'ad da na buɗe sai in ji kamar wani yana leƙe ta bayan kafaɗata. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mutum ne mai waswasi. In na kulle shago sai na dawo na girgiza kwaɗon sau biyu, wani lokaci sau uku. Alwala kuwa ba na son in faɗi sau nawa nake sake ta. Abin da ya sa na yarda yanzu shi ne idon mahaifiyata yana ta raguwa, kuma akwai abin da na ɓatar mata wanda ni kaɗai ba zan iya nemo shi ba.

Mu Fulani ne waɗanda gari ya ɗauke rabinsu. Ina ɗan shekara bakwai ciwon gwiwa ya hana Dada, wato mahaifiyarmu, bin shanu, sai ta zauna da mu a wani ɗan gida a unguwar Kumbiya-Kumbiya cikin Gombe, ni da wana, wanda muke ce wa Hamma. Baffa, mahaifinmu, ya ƙi gari. Yakan zo da salla ya kwana biyu a tsakar gida a kan buzunsa, ya ce rufin kwano yana hana shi jin abin da sama ke ciki, sannan ya koma wajen dabbobinsa.

Hamma bai yi boko ba, allo ya yi, amma hannunsa yana da albarka a kan inji. Ya yi shekaru yana tuƙa wa masu haƙa rijiyar burtsatse mota. Da aikinsu ya ƙare, wani injiniya ya bar masa 'yar na'urar nuna hanya, irin wadda ake mannawa a gilashin gaba. Faɗinta bai fi tafin hannu ba. In an kunna ta sai taswira ta fito, da wata 'yar kibiya mai nuna inda motar take, sannan muryar mace ta riƙa faɗin a yi dama ko a yi hagu da Turanci. Saboda muryar nan muke ce mata Baturiya. Dada ba ta yarda a bar ta a rana. Takan ce a shigo da baiwar Allah inuwa, ta yini tana magana ba wanda ya ba ta ruwa.

Daga baya Hamma ya sayi tsohuwar mota mai dogon baya, yana kai wa makiyaya kanwa da dusa da maganin dabbobi har rugage. Shi ne mai ganin Baffa a kai a kai. Shi aka kira a waya a ƙarshen wata damina, lokacin da fitinar nan ta fara ƙamari a gabas, aka ce ya zo, tsohon ba lafiya. Ya ce in zauna da Dada. Gaskiya ban matsa sai na bi shi ba. Bayan kwana uku ya dawo da sandar Baffa da buzunsa da malfarsa. Ya ce sun binne shi a wani sabon wurin kiwo da Dada ba ta taɓa zuwa ba, suka rufe kabarin da ƙayar aduwa saboda kura.

Dada ba ta yi kuka a gabanmu ba. Bayan ta fita takaba ta ce wa Hamma, ba tare da ta kalle shi ba, tana so a kai ta ta ga wajen. Ba bakin kabarin za ta je ba, ta san mata ba sa zuwa. Daga nesa za ta tsaya, ta ga irin inuwar da yake ciki, ta yi addu'a ta juyo. Hamma ya ce in hanya ta lafa zai kai ta, wurin yana hannunsa. Hanya ba ta lafa ba. Shekara biyu bayan haka ciwon hanta ya kwantar da shi, cikin wata guda ya tafi. A shekarun da mutane ke mutuwa a tasha da kan hanya, shi a gadonsa ya cika, fanka tana juyawa a kansa. Mutanen rugar da suka taya shi binne Baffa kuwa sun riga sun watse, wasu sun yi kudu, wasu an ce sun tsallaka Kamaru.

Motar ta dawo hannuna, don shi ya koya mini tuƙi. Matarsa tana cikin takaba, ban iya zama in yi mata tambayoyi ba, amma ta gaya wa Dada magana ɗaya: ya ce wurin yana cikin Baturiya.

Na yi mako guda ina goge na'urar da gefen rigata ban kunna ba, ina tsoron in taɓa wani abu in lalata. Wata rana bayan la'asar na zauna a cikin motar, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu, na kunna, ina dannawa da kan ƙaramin yatsana. Na wuce wajen gidajen mai da asibitoci, waɗanda suka zo da ita tun daga inda aka ƙera ta. Can gefe na ga alamar tauraro. Da na taɓa sai wani jeri ya fito wanda ba na masu ƙira ba ne, na Hamma ne. Ba suna ko ɗaya, tunda bai iya rubutun boko ba, sai lambar da na'urar ta ba kowane wuri da kanta. Amma a gaban kowace lamba ya zaɓi ɗan hoto: bishiya, kifi, gado, cokali da wuƙa, famfon mai, jirgin sama. Na ƙirga su sau uku, ashirin da uku ne. Mafi kusa yana sama, mafi nisa yana ƙasa. Na can ƙasan 'yar tuta ce, shuɗiya mai duhu. Na taɓa ta, taswirar ta yi tsalle ta tsallake kogi, ta wuce inda layin kwalta ya ƙare, ta tsaya a wani fili fari fat, tutar tana tsaye ita kaɗai arewa maso gabas. Na yi maza na fito, kamar wanda ya ɗaga labulen ɗakin da ba nasa ba.

Na gaya wa Dada wuraren ashirin da uku ne, kuma ban san wanne ne ba. Ta ce to mu bi su ɗaya bayan ɗaya, wane aiki ne da ita? Ni ne na ce mu fara daga na kusa.

Ranar Lahadi muke fita, bayan hantsi, don mu dawo kafin la'asar sakaliya. Dada takan zauna a baya da buta da darduma da ƙwaryar fura a cinyarta, ta ce a gaishe da Baturiya kafin a sa ta aiki. Muddin muna kan kwalta Baturiyar ba ta yin shiru. Da zarar mun saki titi mun shiga burtali sai ta yi gum. Hanyoyin taswirar su ɓace, kibiyar ta riƙa yawo a cikin farin fili kamar kwale-kwale a tsakiyar ruwa, ba abin da ya rage sai wani siririn layi da ya miƙe daga gare mu zuwa hoton, da lambar nisa tana raguwa a hankali. In mota ta kasa gaba sai in ciro na'urar in riƙe ta da hannu biyu kamar ƙwaryar nono, Dada tana bina a baya da sandar Baffa.

Wuri na farko, mai hoton bishiya, wata kuka ce ƙatuwa a tsakiyar gonar dawa. Dada ta tsaya ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, ba da ni take ba, a nan aka samu wancan. Hamma take nufi. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko bayan ya mutu. Ta nuna inda bukkarta take, da inda ake ɗaure maruƙa, duk a cikin karan dawar wani bawan Allah da bai san komai a kai ba.

A nan na fara gane abin da Hamma ya yi. In ya ɗauki Baffa a mota, duk inda tsohon ya nuna ya ce mun taɓa yin damina a nan, ko mun ci rani a can, sai ya tsaya ya danna. Tsofaffin mazaunanmu ne ya tattara, ya zaɓa musu hotuna da irin tunaninsa. Famfon mai rijiya ce, wataƙila don tiyon ya yi masa kama da igiyar guga. Cokali da wuƙa wurin da aka yanka bijimin sunana ne. Gado kuwa wata tsamiya ce da Baffa ya yi sati uku kwance a gindinta da zazzaɓi, Dada tana tatsar shanu ita kaɗai. Da na ga jirgin sama na rasa me zai kai jirgi daji, sai da muka isa. Fadama ce shimfiɗaɗɗiya, muna tsayawa balbelu suka tashi gaba ɗaya, fari ya rufe mana sama, ba ƙara ko kaɗan sai iskar fukafukansu. Dada ta yi dariyar da rabona da jinta tun Baffa yana da rai.

Har yau in na rufe ido waɗannan Lahadin suna haɗe mini su zama yini ɗaya mai tsawo, rana ba ta faɗuwa, ciyawa tana kaɗawa har ƙugu, wata tsohuwa tana tafe a gabana tana gaisawa da wuraren da ba kowa. A daji tafiyarta takan miƙe. Ta fi Baturiya sanin hanya, sau da yawa takan karkata kafin layin ya karkata. Amma a kowane wuri, in ta gama labarinta, sai ta duba gabas ta duba yamma ta ce nan ta san shi, ba nan ba ne.

Tsakanin gari da dajin nan akwai shingaye. Wanda ya zauna a Gombe a lokacin ya san su: buhunan yashi, dogon layin motoci, masu babur su sauka su tura. Ni tun daren Asabar nake fara tunaninsu. Wata safiya a wajen mai shayi na bakin kasuwa na ji wani ɗan dako yana cewa an tafi da wani mutum don an ga taswira a aljihunsa. Ban san ko gaskiya ne ba, shi ma ji ya yi. Kuma a kwanakin kowa ya san abin da ake nufi in an ce an kafa tuta a gari kaza.

Lahadi ta huɗu muna cikin layi a shingen hanyar Biu, rana ta doki gilashin, na dubi na'urar. Na bar jerin a buɗe. Shuɗin tutar nan ya koma baƙi a idona. Na ga kaina kamar yadda soja zai gan ni: Bafulatani, da mota mai ɗaukar kaya, da na'ura mai alamu a daji, ɗaya daga ciki baƙar tuta a can inda ba mai zuwa. Na ga an fito da ni, na ga Dada ita kaɗai a gefen titi da ƙwaryarta. Motoci uku suka rage a gabanmu. Da zan iya kashe na'urar in tura ta ƙarƙashin kujera, amma zuciyata ta ce in an bincika aka same ta a ɓoye ya fi muni. Na taɓa tutar, na nemi alamar kwandon shara. Ta tambaye ni da Turanci ko na tabbata. Ni da nake komawa kan kwaɗo sau uku, a nan ban tsaya ba. Na danna.

Sojan yaro ne matashi, gumi ya jiƙa masa wuya. Ya leƙo ya ce wa Dada, "Mama, sannu da hanya." Ya sa na buɗe baya, ya ga darduma da tayar safaya, ya ɗaga mana hannu. Ko kallon gilashin bai yi ba.

Na lallashi kaina da cewa ɗaya ne cikin ashirin da uku. Na ce wataƙila wurin aikin burtsatse ne. Ban gaya wa kowa ba.

Mun fi shekara kafin mu gama sauran. Wasu watannin ba a fita sam, wasu wuraren na tsallaken kogi sai da muka tambayi makiyaya suka ce an ɗan samu sauƙi. Na ashirin da biyu wani tsohon masheƙari ne, ba abin da ya rage sai da'irar ƙasa mai baƙi inda shanu suka kwana shekaru da yawa da suka wuce. Dada ta ce nan ma ta san shi. Da muka iso gida ta ce wataƙila wancan mantawa ya yi bai sa ba, shi ma mutum ne.

Wannan maganar ta hana ni sakat. Ranar Juma'a bayan an sauko na tafi unguwar Barunde, gidan iyayen matar Hamma, inda ta koma bayan takaba. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Da wasa tsakaninmu tun ranar da aka kawo ta.

"Sarkin matsorata," ta ce, "yau kai kaɗai ka tsallako titi? Wa ya riƙe maka hannu?"

Na ce ta bar ni da abin da ke damuna. Na gaya mata mun bi wuraren kaf ba mu samu ba. Ta ajiye rariyar ta ce, har wanda ba hoto? Na ce ai duk da hoto. Ta ce a'a, ta tuna sarai, ranar da ya dawo daga jana'izar ya zauna a bakin gado yana juya abin a hannu. Ta tsokane shi ta ce wane hoto zai sa wa wannan, ya ce ba a sa wa kabari hoto, kuma ba shi da fuskar da zai zaɓa wa mahaifinsa kifi ko cokali. Ya bar shi yadda ya zo.

Na ce ina zuwa. Na fita na shiga motar na rufe ƙofa. Tunda na gaji na'urar ban taɓa ajiye wuri da hannuna ba, don tsoron kada in ɓata na Hamma. Ranar na taɓa kibiyar, na nemi wajen ajiyewa, na ajiye ƙofar gidan nan na Barunde. Ban zaɓi komai ba. Na buɗe tauraro. A saman jerin ga sabuwar lamba, a gabanta 'yar tuta shuɗiya mai duhu.

Ban san tsawon zaman da na yi a motar ba. Na dai tuna wata akuya ta zo ta tsaya a inuwar tayar gaba tana tuƙa, na yi ta kallonta.

Sai da na kwana huɗu kafin in iya gaya wa Dada. Da hantsi ne, tana zaune a kan buzun Baffa tana tsince shinkafa da taɓi, don a lokacin ma idon ya fara raguwa. Na durƙusa na faɗa mata komai, har ɗan dakon, har sojan da bai kalli gilashi ba. Hannunta bai tsaya ba. Can ta tambaye ni ko na ga wajen kafin in goge. Na ce sau ɗaya, bayan kogi, gaba da inda kwalta ta ƙare, wajen arewa.

"To share fuskarka," ta ce. "Shi ma mai shanun nan, yaushe ya taɓa zama inda za a same shi?"

Ba ta sake tayar da maganar ba. Amma mayafin da take fita da shi ranar Lahadi har yanzu yana ninke a kan akwatinta, ba ta mayar da shi ciki ba, sandar kuma tana jingine a bakin ƙofa. In Lahadi ta zo nakan ji tana tambayar jikokinta ko motar tana da mai.

Na kai na'urar wajen masu gyaran waya a kasuwa. Ɗaya ya ce ba layinsa ba ne. Wani ya ce sai ya wanke ta gaba ɗaya tukuna, na karɓe abina na fito. Na je tsallaken kogin sau biyu ni kaɗai bayan an samu lafiya, na tsaya inda kwalta ta ƙare, na dubi arewa. Daji ne har iyakar gani, kowace tsamiya kamar 'yar'uwarta.

Shi ya sa na rubuta. In akwai wanda ya san aikin irin wannan na'ura, ya gaya mini ko abin da aka goge yana barin sawu a cikinta, da yadda za a nemo shi ba tare da an taɓa sauran ba. Ban sake ajiye komai a ciki ba bayan ƙofar gidan Barunde, in hakan yana da amfani. In kuma akwai wanda ya yi kiwo ko noma a tsallaken kogin a farkon shekarun fitina, ga abin da Hamma ya faɗa mana: akwai wani kwari mai farin yashi, da dutse ɗaya mai kama da bijimi a gurfane, kuma fartanyar da suka yi haƙa da ita a wani ɗan ƙauye na masu jin yaren Teranci suka aro. Mamacin dogon tsoho ne mai fararen shanu, ɗan yatsansa na hagu guntu ne, igiya ta taɓa cinye shi. Ɗansa ya zo a mota mai dogon baya, da wani abu a gilashi mai magana da muryar mace. Ina ganin wanda ya ga wannan a daji ba zai manta ba. Duk wanda ya tuna wani abu, ko da sunan kwarin ne kawai, don Allah ya aiko ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, za su same ni. Dada har yanzu tana iya rarrabe inuwa da rana, amma ban san zuwa yaushe ba.